Ladabin da Muka Yi wa Ƴan Sanda a Filin Balo

Aji uku na yi a lakwal, na bari don kada in kunyata malamin da ilimi. Amma aji ukun nan sun ishe ni karanta jikin mota. Shi ya sa ranar da ƙungiyar balo ta ƴan sanda ta sauka Magariya daga babban birni, ni na fara sanar da gari: "Jama'a, hukuma ce da kanta."

Wasan kofi ne aka haɗa su da yaranmu. To, cikin sha ɗayan namu, tara ƴan kabu-kabu ne, kuma in ka tara takardun motonsu duka ba za su naɗe ƙuli-ƙuli ɗaya ba. Mai tsaron gida jikana ne, magidanci da ƴaƴa biyu, moto ɗin nan ita ce gonarsa ta rani.

Ya same ni gindin dalbejiya, ya ce, "Tsoho, in na tare musu balo, ba za su tare ni a hanyar Dungas ba?"

Na gyara hula, na ce, "Kai yaro, wanda ka hana ci yau, shi zai ce ka kawo takarda jibi."

Wannan magana tawa kafin azahar ta zaga tasha.

Abin da na gani da la'asar, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Yaranmu, ƙatti masu ɗaukar buhun gero su kaɗai, suna matsa wa mutum hanya kamar sun ga liman. Wani namu ya taka ƙafar ɗaya daga cikin baƙin, ya tsaya ya ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe." Jikana kuwa, balo ta nufi dama, shi ya faɗi hagu, cikin natsuwa, har yana kare gwiwar hannu. Huɗu suka zuba mana. Su kansu suka fara jin kunya.

Da aka tashi na je gaida wanda ya ci biyu, na sara masa. Sai ya rusuna, ya ce, "Baba, ai ni ɗan Waca ne, babana gyaɗa yake nomawa."

Na ce, "To wane muƙami gare ka?"

Ya yi dariya. "Muƙami? Balo aka ɗauke mu mu buga. Duk cikinmu babu mai ikon kama ko akuya."

Ranar kasuwar Dungas jikana ya ɗauko fasinja, ɗan sanda na gaske ya tsayar da shi. Ashe mutumin nan ya shekara biyar a garinmu, ranar wasan yana cikin ƴan kallo, mu yake goyon baya har muryarsa ta dishe.

Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne mai faɗuwa hagu? Kawo takarda."

Da ƙafa jikana ya dawo gida, moto tana komisariya, wajen ƴan sanda. Ya tsaya kaina, bai ko yi sallama ba, ya ce, "Tsoho, aji nawa ka ce ka yi?"

Na ce uku.

Ya ce, "Sun yi yawa."