Guduma Mai Gajerar Ƙota

Cikin shekarun da na yi a sashen walwalar jama'a, akwai wata Talata da har yau ta ƙi fita raina, kuma duk sabon ma'aikacin da aka turo mini sai ya ji labarinta, ko yana so ko ba ya so. Ita ce ranar da na sa kwaɗo a aljihu na nufi wani shago a Kankiya, da niyyar rufe shi kan zargin bautar gumaka.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, idan aka kawo ƙorafi kan gidan kallo ko gidan gem, inda samari ke biya su yi wasan bidiyo, takardar kan biyo ta hannun mai unguwa. Sai a buɗe mata fayil, a tura jami'i ya je ya duba, ya rubuta rahoto, shugaban sashe ya sa hannu. In abin ya yi muni, ana rufe wurin na wucin gadi kafin kwamiti ya zauna. Ku da kuke cikin aikin kun san wucin gadinmu: ana iya shuka gero a girbe kwamiti bai zauna ba. A lokacin ina matakin albashi na takwas, ina ji da kaina, ina ganin ba abin da ya rage ban sani ba.

Mai ƙorafin dattijo ne, Baba Ɗanladi maƙeri, mutumin Tafashiya da ya daɗe da kafa maƙerarsa a Kankiya. A daminar nan 'yan acaɓa suka riƙa zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa na so a ƙera masa 'yar ƙaramar guduma, tsawon yatsa, mai ƙaton kai da gajerar ƙota, don ya rataya a makullin babur. Ya ƙera guda tara. Sai wani maƙwabcinsa ya gaya masa ai wannan alamar wani gunkin Turawa ce, a gidan gem ɗin Nura suke ganinta. Tsohon nan ya kasa cin abinci. Washegari ya sa aka rubuta masa takarda.

Ni kuwa dama ba ma ga maciji da gidajen gem. Da na karanta takardar ban ɓata lokaci ba, na zauna na rubuta rahoto shafi biyu, da Turancin da nake alfahari da shi, na ba da shawarar a rufe. Na kai wa shugabar sashenmu, Hajiya Mairo, mace mai magana a hankali wadda ban taɓa ganin ta yi sauri ba sai in za a tafi salla. Ta karanta har ƙarshe, ta ce rahoto ya yi kyau. Sannan ta cire tabarau.

"Malam Sabi'u, ƙofar shagon wane launi ce?"

Na ce, ranki ya daɗe, ƙofa kuma? Ta ce e, ƙofar da za a sa wa kwaɗon. Ni kuwa ko layin da shagon yake ban sani ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙo mini takardata ba sa hannu, ta ce in tafi da kwaɗon, amma in biya in ɗauki mai ƙorafi, mu gani tare.

Mun isa bayan azahar. Ƙofar shuɗiya ce. Nura ya fito, magidanci mai kimanin shekara talatin, ya yi difloma bai sami aiki ba, ya haɗa talabijin uku da benci huɗu da farantin sola. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, kuma shagon nan shi ne tuwon gidansa. Ya gaishe mu da ladabi, amma idonsa na kan aljihuna, inda kwaɗon ya yi tudu. Ya share mana benci, raina ya ɗan sosu.

Baba Ɗanladi ya ƙi shiga. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana a'uziyya, ya ce daga nan ma yana gani.

Na ce wa Nura ya nuna mana gunkin. Ya kunna gem ɗin, sai ga wata ƙasa fara fat da ƙanƙara, ga wani ƙaton mutum mai jan gemu da tumbi, riƙe da guduma, tartsatsin walƙiya na fita daga jikinta. Nura ya yi mana bayani a natse. Ya ce labaran mutanen arewacin Turai ne na dā can, wajen Norway, kafin su bar wannan addini nasu. Suna da alloli barkatai. Babbansu tsoho ne mai ido ɗaya, yana da hankaki biyu da ke kawo masa tsegumin duniya. Wannan mai jan gemu ɗansa ne, shi suka ce yana kawo tsawa. A asalin labarin shi ne mai kare talakawa, amma masu yin gem suka juya abin: suka mai da uban maƙaryaci mai makirci, ɗan kuma mashayi mai cin zali. Wanda ke wasa ba bauta musu yake ba, yaƙarsu yake.

Na tambaye shi, wato dukansu ake yi? Ya ce ƙwarai, shi wannan mai gudumar ma a makon nan an kashe shi ya fi sau goma a kan bencin da nake zaune.

Ban ankara ba sai na ji numfashi a kafaɗata. Baba Ɗanladi ya shigo, ya matso har gaban talabijin, ya ƙanƙance ido. Ba mutumin yake kallo ba, gudumar yake kallo.

"Ɗan nan, tsai da shi. Wa ya ƙera mashi wannan?"

Nura ya tsayar da hoton, ya ce wasu maƙera ne 'yan'uwa biyu, gajeru, masu zama a ƙarƙashin ƙasa. Baba ya girgiza kai, ya ce aikin ya ɓaci. Kai mai nauyi haka da ƙotar da ba ta wuce taƙi ba, ai duk wanda ya yi yini yana duka da ita sai wuyan hannunsa ya kumbura. Ya ce tun da 'yan acaɓa suka kawo masa zanen abin ke damunsa, ya ɗauka su ne ba su iya zane ba.

Nan fuskar Nura ta saki a karo na farko. Ya ce wallahi Baba ya gano, don a labarin ma kuskure ne. Babban cikin maƙeran ya sa ƙarfe a wuta, ya ce wa ƙanensa ya yi ta zuga kada ya tsaya ko me zai faru. Sai wani makiri cikin allolin, wanda ba ya so aikin ya yi kyau, ya rikiɗa ya zama ƙuda mai cizo irin na shanu. Ya ciji mai zuga a hannu, ya daure. Ya cije shi a wuya, ya daure. Da ya cije shi a fatar ido jini ya rufe masa gani, sai ya saki zuga-zugi ya kai hannu ya share.

"Shi ke nan," in ji Baba, tun Nura bai ƙarasa ba. "Wuta ta kwanta, ƙarfe ya huce ba a ja shi ba. Ƙota ta gajarta."

Ya zauna a kan bencin da kansa. Ya ba mu labarin yadda mahaifinsa ya taɓa kwaɗa masa awartaki a baya don ya saki zuga yana sosa ƙafa, garmar wani manomi ta lalace. Ya ce duk wanda ya tsara labarin nan ya zauna a maƙera, ko ya yi maƙwabtaka da ita. Sannan ya sa Nura ya ci gaba da wasan, yana so ya ga yadda ake dukan mai tumbin. Da aka kai shi ƙasa, tsohon nan ya yi dariya har da tari, ya ce abin bautar da ake kayarwa da babban yatsa ai bai kai a ji tsoronsa ba.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Ba wanda ya ce wa Nura komai, ya kashe kayansa, samarin da ke sauran benci suka tashi, aka ja ƙofa. Muka yi salla a masallacin layin. A sahu, wanda ke gefen Baba ɗaya ne cikin 'yan acaɓan nan, makullinsa na ajiye a gabansa da 'yar gudumar.

Da muka fito Baba ya ja ni gefe. Ya ce shi ba yaron nan ne ya dame shi ba, hannunsa ne, tsoro yake kada ya zama ya ƙera gunki bai sani ba. Na ce masa wannan ya fi ƙarfin mataki na takwas, ya je wurin liman. Ya je. Daga baya ya gaya mini liman ya kira masu babur ɗin ya tambaye su ko akwai mai ratayawa don tsari, suka ce ado ne kawai da tsokanar juna. Ya yi musu nasiha, ya ce wa Baba ya je ya ci tuwonsa.

Na koma ofis na yage shafi biyun nan, na rubuta rabin shafi. Na ce ba a sami abin da ake zargi ba, a bar shago a buɗe, da sharaɗin kada a bar ɗalibai su shiga lokacin makaranta. Hajiya Mairo ta sa hannu. Na ajiye kwaɗon a teburinta, na ce, ranki ya daɗe, shuɗiya ce. Ta yi murmushi ta jefa shi a durowa.

Bayan mako biyu Baba Ɗanladi ya zo ofis da kansa don janye ƙorafi a rubuce, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya dangwala yatsa, sannan ya kwance bakin rigarsa ya ajiye mini wani abu a kan fayil. 'Yar guduma ce, amma ƙotarta doguwa. Ya ce ya karɓo duka taran ya sake su, wannan kuma ni ya ƙera wa. Na tambaye shi ko har yanzu zancen gunkin ne.

"A'a, ɗana, wannan ya wuce. Amma shekara arba'in ina ƙira, ba za a riƙa yawo da ɓataccen aiki a gari ana cewa Ɗanladi ya yi shi ba. Su can ƙuda ya cije su. Ni me ya cije ni?"

Na yi dariya, amma da ya fita sai dariyar ta tsaya mini. Tsohon da bai taɓa riƙe biro ba ya ƙi yarda sunansa ya hau aikin da bai cika ba. Ni kuwa na rubuta sunana a ƙasan shafi biyu, zan tsinke abincin magidanci da mai jego, alhali ko ƙofarsa ban gani ba, kuma ni ma ba abin da ya cije ni.

Gudumar ce wannan da kuke gani ina danne takardu da ita. Nura na nan, talabijin ɗinsa sun zama biyar. Ku kuma duk wanda ya kawo mini rahoto, ya san tambayar da zan fara yi masa kafin in ɗauki biro.