Luba Ba Ta Kiran Sunan 'Yar Fari

Luba mai ƙosai ta bakin gota, babbar kwatar nan ta unguwar Nima, Allah ya jiƙanta, bakinta ya fi yajinta zafi. Ta taɓa wanke wani direban torotoro tas har ya tuƙa mota ya bar yaron motarsa a tasha. Amma ranar da aka fi bukatar bakin nan, ƙememe ya ƙi buɗuwa.

Daga Dogonduci aka kawo ta amarya, da tarbiyyar can ɗaure a bakin zani: mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a. 'Yarta Zenabu, "ke yarinya" take ce mata. Matan Nima, masu kwaɗa wa 'ya'yansu kira har a ji a unguwar Mamobi, dariya suke mata.

A shekarar yunwa, 1983, mijinta Garuba mai gyaran rediyo ya sake ta. Ya so ya kai Zenabu wurin ƙanwarsa Ƙaltume a unguwar Malam, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Luba ta ce sai dai bayan ranta. Sai ya kai ƙara kotun iyali, wai uwar ba ta ƙaunar yarinyar, tana barinta da yunwa, ko sunanta ba ta taɓa kira ba. Garuba fa! Ɗan farin da tsohuwarsa ta rasu tana ce masa "wancan". Batun yunwa kuwa, Luba ce ke kwana da ruwa a ciki don yarinya ta ci.

Alƙaliyar 'yar ƙabilar Ga ce mai tabarau. Ba muguwa ba ce, al'adar ce ba ta sani ba. Ta bakin tafinta ta tambaya: "Kina son 'yar nan?"

Luba ta ɗaga kai. Ga kawun Garuba da farin gemu, ga Ƙaltume, ga dangin miji sun cika benci. Ta mayar da ido ƙasa.

"Ai 'yarsu ce, ranki ya daɗe."

A Dogonduci wannan amsa ce ta 'yar mutunci. Tafinta ya juya ta Turanci yadda ta fito, tsirara.

"To, kira ta da sunanta ta zo gare ki."

Zenabu na tsaye jikin Ƙaltume, kitson da uwarta ta yi mata jiya na sheƙi. Luba ta buɗe baki.

"Ke... yarinya."

Ƙaltume ta tafa hannu. "Kun dai ji da kunnenku!"

Aka ba Garuba yarinya.

Malam ba Makka ba ce, mota biyu ce daga Nima. Amma Luba ba za ta je gidan dangin miji neman 'ya ba, kuma su ba su kawo ta ba. Yarinya ta tashi da abin da aka gaya mata.

Sai da ta yi aure ta zo, ranar wata ƙaramar Salla, da goyo a baya. Ta durƙusa ta gaishe ta kamar baƙuwa, sannan ta ce, "Inna, ranar nan a kotu, me ya hana ki ce kina sona?"

Luba ta daɗe tana kallon wuyan Zenabu.

"Dube ki duk kin rame. Shi mijin naki ba ya cefane ne?"

Zenabu ta gyara goyonta ta tafi. Kafin babbar Salla aka kai Luba makwancinta.