Bokiti Biyu na Inna Sikeli

Ƙarfe shida da rabi take shiga ɗakin haɗi, ta ɗaure kai, ta goge sikeli da tsumma kafin ta gaisa da kowa. Shi ya sa ma'aikatan masana'antar lemon kwalba suke ce mata Inna Sikeli. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ranar Alhamis kuma za ta ajiye aiki.

Buhu biyu ne a gabanta kullum, dukansu farin gari, ido ba ya raba su. Ɗaya garin tsami ne, shi ke ba lemo ɗanɗano. Ɗayan na hana lalacewa ne, shi ke tsare kwalba kada ta yi kumfa a kanti. Takan ce wa sababbi: "Wannan ba ya aiki sai da tsami, amma kada ku kuskura ku jiƙa su a bokiti ɗaya. Mai hana lalacewa ya fara shiga tanki ya narke sarai, tsami ya biyo baya. In suka haɗu da wuri, dunƙulewa yake ya kwanta a ƙasa."

Wata rana ɗaya daga masu haɗi uku, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya yi sauri ya zuba su tare. Sai da aka cika kwalba dubu uku Inna ta ga farin ɓarɓashi a gindin bokitinsa. Ta ƙi sa hannu a takardar fitar da kaya.

Manaja ya buɗe kwalba ya kurɓa. "Inna, lafiyarsa ƙalau. Ko harshenki ne ya tsufa?"

"Ranka ya daɗe, harshe tsami kawai yake ji. Ɗayan kuwa, ciki ne zai ba da labarinsa."

"To wa ya yi haɗin?"

"Ni ce mai ɗakin. Ni za ka tambaya."

Ya ce in lemon bai lalace ba, ta nemi wani aikin. Ta jera kwalba shida a taga inda rana ke duka, ta roƙi kwana goma. Kwana bakwai tana wuce su da safe ba abin da ya motsa, abinci ma ba ya shigar ta. A na takwas murfi ya kumbura. A na tara ɗaya ta fashe.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ta ƙi rufe laifin, ta kuma rufe mai laifin. Wani zai ce rabin gaskiya ta faɗa. Ni dai na lura ba ta bar shi haka ba: washegari ta kawo fenti, ta shafa wa bokiti ɗaya ja, ɗaya kore, kowane gari da nasa, ta tsaya a kansa wata guda har hannunsa ya saba.

Inna, ke ce mai tsare cikin mutanen da ba su san da ke ba. Yaron da ya sha lemo ya kwana lafiya ba zai zo ya gode miki ba, don bai san an tare masa komai ba. Mun gode a madadinsa. Allah ya ba ki hutu mai albarka. Duk mai awo a inda ido ba ya kaiwa, ya koyi naki.

Wanda ya ba ni labarin nan shi ne magidancin da ya yi kuskuren. Ya ce in rubuta, ya gaji da riƙe shi shi kaɗai. Ranar Alhamis shi za ta miƙa wa tsumman sikeli.