Yawun Kwalba

Ban taɓa zaton yawu yana ƙarewa ba sai da na Inna ya ƙafe. Bayan gashin cutar daji da aka yi mata a wuya a wani asibiti a Abuja, cutar ta lafa, amma bakinta ya bushe ƙayau. Tuwo ba ya wucewa sai da ruwa.

Wannan duk bai dame ta ba kamar tofi. A layinmu na Tudun Ƙofa ita ce mai tofi. Ciwon kai ne, firgitar jariri ce, wurinta ake zuwa, har maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Mada mai zuwa coci. Yanzu sai ta gama karatu, ta tattara leɓe, ba abin da ke fita sai iska.

Likita ya rubuta mata wani ruwa a 'yar kwalba, ana fesawa a baki. Ni da shegen son sani na tsare shi da tambaya: wai me ke cikin yawu? Ya ce ba ruwa zalla ba ne. Akwai abin da ke ba shi yauƙi, akwai mai fara narka abinci tun a baki, akwai mai kashe ƙwayoyin cuta. Na kwalba yauƙin kawai ya kwaikwaya.

Wautar da na yi, na kwashe duka na gaya wa Inna.

"Ashe ma jabu ne," ta ce. "In tofa wa 'ya'yan mutane yawun kanti? Ko kunya ba ki ji ba."

Na ce ai addu'ar ce magani.

"Da kika yi bokon, har malanta kika haɗa?"

Na ji haushi. Tana fesawa in za ta ci abinci, amma masu neman tofi sai ta sallame su. Ranar da ta sallami maƙwabciyar nan da jaririnta, na ga ta juya fuska bango. Abin ya yi mini ciwo.

Wata Litinin da safe zan fita neman motar Abuja in tafi aiki, kaina na sara. Inna ta ce in durƙusa. Ta ɓare tsamiya ta sa a kunci, don ta ji likita ya ce tsami kan tayar da ɗan yawun da ya rage. Muka jira. Ina kallon agogo, tana tsotsa, idonta a rufe. Can ta karanta, ta tofa. Ɗigo ɗaya tak na ji a goshi.

"Wannan nawa ne," ta ce.

Har na isa ofis ban goge ba.