Inna Laraba, Uwar da Ta Yarda Aka Buɗe Kabarin Ɗanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 13 ga Fabrairun 2025, daidai da 14 ga Sha'aban, ina gareji ina kwance injin wani babur, sai wayata ta yi ƙara. Ummul ce, autar Inna. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Yaya Sahabi, Inna ta cika." Allah ya karɓi ran Inna Laraba mai kopto a ɗakinta da ke nan Filingue, bayan gajeruwar jinya, tana da shekara saba'in da ɗoriya. Na zauna a kan tsohuwar taya da baƙin mai a hannuna, na rasa wanda zan fara yi wa gaisuwa, domin ni ma ta'aziyyar ya kamata a yi mini.

Inna, ba ke kika haife ni ba, amma tun da mahaifiyata ta rasu ina ƙaramin yaro, ban san wani murhu ba sai naki. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da naku, ita ma ni da ɗanki Tahiru mun haura ta har ta gaji ta zube. Ranar Lahadi muke ɗaukar miki kwanonin kopto zuwa kasuwa, zogale ya sha ƙuli da albasa, kafin mu isa rumfa mun yi wa kwano rami a tsakiya mun shafe samansa da cokali. Ba ki taɓa kasa ganewa ba. Ki ce, "Ɓerayena sun biya ta nan," ki ɗauko tsumagiya ki fara da ni, wai baƙo ake fara ba rabonsa. Da damina mu tsere zuwa tabki a cikin kwarin Dallol, mu dawo da jajayen idanu muna rantsuwa daga makarantar allo muke. Lakwal ma, wato makarantar boko, tare ta karɓe mu, tare ta sallame mu. Shi ya kama kabu-kabu, ni na kama gyaran babura.

Tahiru ɗan fari ne, ke kuwa mutuniyar dā ce, kunya ta hana ki kama sunansa. Ni kina kiran sunana tun daga bakin rijiya har unguwa ta ji, shi kuwa sai dai "abokinka" ko "wancan mai yawon". Na tuna shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Kika tsaya a bayan zana kina tankaɗe garin da kika riga kika tankaɗe, kina aikena in leƙa in gaya miki ko ya sha kunun. Tun yana yaro kuma ba ya son a taɓa masa kai. Ranar aski sai an yi kokawa, wanzami na zagi, ke kina dariya a ɓoye.

Matasan yanzu ba su san abin da ya faru a nan ƙasarmu ta Kurfai shekara goma sha da suka wuce ba, don haka bari in faɗa. An shiga tsintar gawawwakin 'yan kabu-kabu a gefen hanya, yau wajen Bonkoukou, bayan 'yan watanni wajen Damana, kullum da yammacin ranar kasuwa, kullum da rauni a ƙeya, babur kuma ya yi layar zana. Na farko aka ce hatsari ne, wani ya tsinci babur ya gudu da shi. Na biyu aka ce iskokin wurin ne. Mu kuwa Musulmi ba ma barin mamaci ya kwana. Kafin jandarmomi, jami'an tsaro, su iso an ɗauke gawa, an yi wanka, an wanke tufafin, ƙafafun 'yan kallo sun tattake wurin. Da hannunmu, kuma da kyakkyawar niyya, muka riƙa share wa mugu sawu.

Tahiru shi ne na huɗu. A yammacin wata Lahadi ya goya ni zuwa gonata, ya sauke ni, ya ce zai koma kasuwa ya ɗauki mutum ɗaya ya tashi. Mutane sun gan ni a bayansa muna fita gari, ba wanda ya ga saukata. Da aka bincika garejina aka sami tsohuwar fitilar babur ɗinsa da na canza masa, aka sami gudumomi, abin da ba garejin da babu. Shi ke nan gari ya gama shari'a. Waɗanda na yi wa faci kyauta su suka fara cewa dama idona bai yi musu ba. Da na ce ban ji haushi ba na yi ƙarya, har yau akwai waɗanda nake gaisarwa da baki kawai. Aka kai ni gidan kaso ina jiran shari'ar kisan kai, ban ko sami zaman makokin abokina ba.

A can ba yunwa ce ta fi cin raina ba, tunanin abin da kike ɗauka a kaina ne. Watanni ban ji daga gare ki ba. Sai wata rana aka miƙo mini kwano, na buɗe na ga dambu da zogale, barkono ya yi masa yawa kamar yadda kike zuba mini da gangan don ki ga ina hawaye. Ba saƙo, ba gaisuwa. Na ci ina kuka, na bar 'yan ɗakinmu suna zaton yajin ne.

Na haura shekara a tsare sannan aka kama mutumin da ke wannan aika-aika. Ba zan ƙazantar da wannan rubutu da sunansa ba. Ya hau bayan wani yaro ɗan kabu-kabu a hanyar Damana, ya kai masa duka, Allah ya sa babur ya faɗa rami dukan ya sauka a kafaɗa, manoma suka rufar masa. A jakarsa aka sami guduma mai kai huɗu, kusurwa ɗaya a gutsure, a wanke tas. Ya ce wannan ne karonsa na farko, talauci ne ya ja shi, sauran bai san zancensu ba. Ba shaida, ba babur ko ɗaya a hannunsa. Da an tafi a haka, 'yan shekaru zai yi ya fito, ni kuwa in ruɓe da jinin Tahiru a wuyana.

Alƙali mai bincike ya kira wani likita daga Yamai, Lokotoro Abdurrazak, wanda aikinsa ke nan, duba gawa don gano abin da ya kashe ta. Shi ya ce nama na ruɓewa amma ƙashi ba ya mantuwa. In an doki ƙoƙon kai da ƙarfe, ƙarfen kan bar siffarsa, kamar yadda kofato ke barin tasa a laka. In aka tono ɗaya daga cikin mamatan, za a iya gwada raunin da gudumar mutumin, a gwada da nawa. Hukuma na da ikon yin haka ko ba a yarda ba, amma alƙalin ya san garinmu, ya ce ba zai sa a taɓa kabari ba sai da yardar masu shi. Iyalai uku suka ce sam. Saura ke.

Mahaifin Tahiru ya riga ya rasu, magana tana hannun ƙanensa, Baba Magagi, shi kuwa ya rantse sai dai a bi ta kan gawarsa. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya tashi ya tarar ke nan, kuma gari duka yana bayansa. Liman ya gaya miki a zaure cewa larura tana halatta hakan in ran wani ya rataya a kai, amma bai maimaita a masallaci ba.

Ranar da aka kira ku ofishin alƙali ni ma an kawo ni, ina kan benci da ankwa a hannu. Kika shigo da tsohon mayafinki mai ruwan toka, ba ki dube ni ba. Baba Magagi ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Da ya numfasa kika ce, "Magagi, na ji ka. Wanda ag ga ƙasa ya gama tashi wahala. Wanga da ka zamne da ƙarhe ga hannu, shi ad da sauran hwitowa. In shi ya yi, ƙashin ya hwaɗi. In ba shi na ba, mi za ni ce ma Allah?"

Alƙali ya ce dole ki faɗi da bakinki sunan wanda kika yarda a tono, don a rubuta. Ummul ta matso za ta faɗa a madadinki, kika ɗaga mata hannu. Kika ce, "Tahiru. Ɗiyana Tahiru." Shekara talatin da wani abu ina shiga gidanki, ranar na fara jin sunan nan a bakinki, kuma ban sake ji ba.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, ke ma ba ki je ba. Amma da sassafen ranar kika tare likitan a ƙofar gida da sabon likkafani da kika ɗinka da hannunki, kika ce kada a mayar da shi cikin tsohon. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya, ya ce kin riƙe gefen rigarsa kin ce, "Lokotoro, a yi mashi sannu. Ba shi son a taɓa mashi kai." Ya ce ya yi wannan aiki a wurare da dama, bai taɓa wanke hannu ya yi alwala kafin ya fara ba sai ranar.

Aka kafa rumfa aka kewaye da tabarmi. Likitan ya auna raunin, ya ɗauki hotuna, ya ɗauki siffarsa da wani abu mai kama da ƙullu, aka mayar da Tahiru kafin azahar. A ƙeyarsa akwai rami mai kusurwa huɗu, ɗaya a gutsure. Gudumomina duk masu zagayayyen kai ne, ba wadda ta zauna. Ta mutumin kuwa ta zauna daram, har gutsuren. Da labari ya kai Bonkoukou, biyu daga cikin iyalan da suka ƙi da farko suka ce tunda tsohuwa ta iya, su ma sun yarda. Duka biyun tambari ɗaya aka samu. A babbar kotu a Yamai aka jera hotunan uku kusa da gudumar, mutumin ya dube su ya sunkuyar da kai, daga nan ya fara lissafa inda ya sayar da baburan. Aka yanke masa hukuncin da ba zai sake hawa bayan ɗan kowa ba. Tun daga lokacin, in aka tsinci gawa a hanya, za ka ji wani dattijo na cewa a ja baya, kada a taɓa, a jira masu dubawa.

Ni na fito, ke kuma kika shiga naki gidan kason. Aka sa miki suna matar da ta tone ɗanta. Matan da kuka yi shekaru kuna biki tare suka riƙa wuce rumfarki suna kau da kai, kopto ya kwana ya lalace. Baba Magagi ya ɗauke ƙafa daga gidanki, ko da Salla. Na zo ina ba ki haƙuri, kika ce in tashi in ba ki wuri, in kuma ina son in yi abin kirki in gyara miki ƙyauren da ni da abokina muka karya tun muna yara. Ba ki taɓa yi mini gori ba, ba ki kuma taɓa yarda na yi miki godiya har na kai ƙarshe ba. Da na yi aure ke kika zauna a matsayin uwar ango, kina yi wa amaryata kashedi cewa ɓera ta aura, ta riƙa rufe tukunya. 'Ya'yana sun tashi suna kiranki kaka, ba wanda ya gaya musu akwai wani bambanci.

Ranar jana'izarki na tsaya can baya a maƙabarta, domin na san ni ba jini ba ne, kuma na san idon da wasu ke kallona da shi har yanzu. Aka kawo ki bakin kabari, aka ce 'yan uwa su sauka su karɓa. Baba Magagi ya tsufa, da sanda yake tafiya, shekaru ba mu haɗa ido ba. Ya waiga yana laluben mutane har ya gano ni. Ya ce, "Sahabi, mi kaka jira nan baya? Taho ka amshi uwarka." Na tuɓe takalmi na sauka. Ba ki da nauyi ko kaɗan, Inna. Na kwantar da ke a kan hannun dama, na gyara miki kai sannu a hankali.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummul da 'ya'yanta, da 'ya'yan marigayi Tahiru, da Baba Magagi da dukan zuri'ar gidan, da matan rumfar 'yan kopto, waɗanda suka tsaya da ita da waɗanda suka dawo daga baya. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙan Tahiru da sauran 'yan uwansa uku da aka zalunta a kan hanyar neman halaliyarsu.

Ya Allah, ga baiwarka Laraba ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ta jure zagin gari da ciwon uwa don kada a tsare wani bawanka a kan laifin da bai yi ba, ni ne bawan, kuma ina shaida. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka haɗa ta da ɗanta a inda za ta kira sunansa ba tare da kunya ba. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Sahabi Bakanike, Filingue