Igwar Lamba Uku

Duk layin masu gyara babu wanda ya san shi da wani suna sai Lamba Uku. Daga soja ya taho da sunan. Mutum shida ne ke kan igwa ɗaya, irin babbar nan da mota ke ja, kuma kowa da lambarsa ake kiransa, tun daga saje, wanda shi ne Lamba Ɗaya. Shi na uku ne, mazauninsa a dama, aikinsa murza hannun da ke ɗaga bututu. Igwa ta cinye masa kunnen hagu, ta bar shi da zuciya a kusa. Shekara talatin ke nan yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago, kuma in ka kawo masa keken da ka ɗaure da waya a maimakon kusa, sai ka sha faɗa ka ƙoshi kafin ya taɓa shi.

Asalin fushinsa kuwa wata takarda ce mai shafi biyu. A wani atisaye, harbin farko da safe, bututun igwarsu ya yi baya fiye da ƙa'ida, gindinsa ya sami Lamba Huɗu a ƙirji, ko shurawa bai yi ba. Manya suka zauna a ofis mai fanka suka rubuta cewa mamacin ya tsaya inda bai kamata ba. Sakaci, in ji su. Lamba Uku ya san ƙarya ne. A ƙarƙashin bututu akwai tukunyar mai da ke tare shi in ya yi baya, in man ya ragu sai ya zarce. Jikin tukunyar akwai ɗan ma'auni kamar ƙusa, kuma dokar ita ce wanda ma'aunin ke gefensa shi zai duba ya ce "Mai ya cika" kafin a harba.

"A hagu yake, gefen saje," haka yake faɗa wa duk wanda ya zauna masa a benci. "Saje ne bai duba ba, suka rufa masa asiri, suka ɗora wa gawa laifi."

Wata rana 'yar marigayin, wadda tela ce, ta kawo kekenta gyara. Tana goye aka kashe ubanta, kuma Lamba Uku ne ya tsaya musu tun daga lokacin.

"Baba, jiya ma sai da ƙanen Babanmu ya sake yi wa Mama gori, wai ɗan'uwansa garaje ne ya kashe shi," ta ce. "Ni dai ka nuna min inda ya tsaya."

Ya zana mata a ƙasa da sukundireba. Ta duba ta duba, ta ce ita dai layi kawai take gani. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Nan take ya rantse sai ya ƙera mata igwar, ƙarama, kowane inci goma sha shida ya koma ɗaya, ba ragi ba ƙari.

Akwai tsohuwar igwa irin tasu da aka ajiye don ado a harabar ofishin tsofaffin sojoji. Da ya je da tef ɗinsa ya gan ta, sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Wasu marasa kunya sun shafe ta da fenti ruwan azurfa har tayoyi, sun ɗaga mata bututu sama alhali ƙafafunta biyu na haɗe kamar za a ja ta.

"Wane jakin ne ya yi wannan?" ya tambayi maigadi.

"Baba, ni gadi aka ɗauke ni."

"To ka yi gadi, ka bar ni in auna."

Wata bakwai ya yi a kanta. Bututu daga sandar tsohon keke, ya rarake shi da hannu. Tayoyi ya yanko daga robar takalmi, ya fitar musu da zane ɗaya bayan ɗaya da reza. Ƙafafun nan biyu suna warewa su haɗe, kowace da ɗan cebur a ƙarshenta na kama ƙasa, da zoben da ake maƙalawa a bayan mota. Sau uku yana jefar da garkuwar gaba saboda kusoshinta sun zo goma sha ɗaya a maimakon goma sha biyu. Masu kekuna suka gaji da sintiri suka koma wajen wani. Matarsa ta ce da ma igwar ya aura, da ta huta. Bai ji ba, ko kuma ta kunnen hagu ta faɗa.

Saura ma'aunin mai kaɗai. Ya riga ya huda masa gurbi a hagu, tsawonsa kawai yake nema. Ya koma harabar da hantsi, ya durƙusa a gefen saje, ya shafa tukunyar daga farko har ƙarshe. Babu komai. Ya zagi masu fenti, ya fito da wuƙa ya kankare. Ƙarfe ne sumul. Ya zagaya dama yana huci, ya zauna a kan kujerarsa ta dā, ya ɗora hannu a kan abin murzawa. Sai ga wani ɗan tudu cikin fentin, bai fi taƙi ɗaya daga gwiwarsa ba. Ya kankare shi. Ma'aunin ne.

Ya daɗe a zaune. Abin da ya binne shekara talatin ya taso masa tiryan-tiryan: sanyin safiyar, saje yana ta azalzala, shi kuma yana fama da igiyar hularsa, da muryarsa, tasa ta kansa, tana cewa "Mai ya cika" ba tare da ya sunkuya ba. Wannan karon ya rasa wanda zai zaga. Haushin kansa ya kama shi.

Da matarsa ta kawo masa abinci shago da rana, ta same shi ya tasa igwar a gaba. Ya faɗa mata komai.

"Saje ya mutu," ya ce a hankali. "In na sa ma'aunin a hagu, wa zai sani?"

"Ni ban san igwa ba," in ji ta. "Amma wata bakwai ina jin kana tsine wa masu fenti don sun rufe abin da ke jikinta. Ka ci abincinka."

Bai ci ba. Ya toshe hudar hagu da dalma, ya goge, ya huda dama.

Ranar da 'yar marigayin ta zo, ya ware ƙafafun igwar a kan tebur, ya jera kwarkwaron zaren keken ɗinki guda shida, kowanne a mazaunin mutum ɗaya. Ya ja bututun baya da yatsa zuwa inda ƙa'ida ta ce ya tsaya. Tsakaninsa da kwarkwaro na huɗu akwai sauran fili. Sannan ya ƙara ja, yadda yake yi in mai ya ragu. Kwarkwaron ya faɗi, ya gangara.

Ta tare shi da hannu. "Ashe daidai ya tsaya."

"Daidai ya tsaya, 'yata. Ko inci ɗaya bai kauce ba."

Ta share ido da gefen mayafi. Amma idon tela ba ya wuce gyara. Ta sa farce a gefen hagu.

"Baba, nan kamar an huda an toshe."

Ya juya mata igwar, ya nuna mata ma'aunin, ya nuna kwarkwaron da ke dab da shi.

"Wannan waye?"

"Ni ne."

"Ka duba?"

"Ban duba ba. Na dai ce ya cika."

Ta miƙe tsaye. Fuskarta ta canza, muryarta kuwa ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Shekara talatin kana zama a tabarmarmu kana zagin saje, Mama tana zuba maka ruwa tana cewa ba mu da kamarka. Har ni ka koya wa tsinar mutumin."

Ta nuna shi da yatsa.

"Ba ni zan kai mata wannan maganar ba. Kai za ka faɗa mata da bakinka, a gaban ƙanen Babanmu. Yau."

Ta jefa kwarkwaro na huɗu a jaka, ta fita ta tsaya a bakin titi ta ba shi baya. Lamba Uku ya haɗe ƙafafun igwar, ya sauke bututun ya ɗaure shi yadda ake yi in za a ja ta. Ya rungume ta a ƙirji, ya rufe shago, ya bi bayanta.