Ranar da Aka Ƙi Tsayawa a Bayan Muntari Mai Famfo

Mutum goma sha ɗaya ne suka tsaya a bayan Muntari Mai Famfo ranar zaɓen fid da gwani na kansila. Ni na ƙirga su da kaina, har sau biyu. Cikinsu akwai ƙannensa uku, da surukinsa, da ni. Layin abokin takararsa, Alhaji Bello mai sayar da taki, ya miƙe daga gindin tutar firamare har ya lanƙwasa ta bayan aji shida. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, abin da ban gane ba ba ya barina in ci tuwo da daɗi.

A ƙauyenmu, da ke kan hanyar Rano zuwa Kibiya, babu gidan da bai sha ruwa albarkacin Muntari ba. Sana'arsa faci ce a bakin titi. Shekara goma sha tara da suka wuce aka haƙa mana rijiyar burtsatse, aka sa mata famfon tuƙa-tuƙa. Kwana huɗu masu aikin suka yi, shi kuma ya rufe rumfarsa ya tsuguna kusa da su yana kallo. Da famfon ya lalace, aka gaji da jiran masu gyara daga gari, sai ya ɗauko sifana ya kwance kan, ya zaro rodin ɗaya bayan ɗaya, ya yanko roba daga tsohuwar taya ya maye wadda ta cinye. Ruwa ya zo. Tun daga ranar sunan ubansa ya ɓace, ya koma Mai Famfo. Har daga Zurgu da Dawaki ake zuwa ɗaukarsa a babur, ladan kuma bai wuce ƙwaryar fura ba. Yakan jiyo ƙarar famfo daga nesa ya ce, "Wannan ba zai kai Juma'a ba." Kuma ba ya kaiwa.

Shi ba ɗan siyasa ba ne, magana a gaban mutum biyar ma gumi take sa shi. Abin da ya tunzura shi, gari ya yi wa famfo ɗaya yawa, mata na layi tun sassafe har rana ta take. Yana so ya shiga inda ake yanke shawara, ko ya samo mana rijiya mai sola da tanki. Gida-gida ya bi da ƙafa, sifana a aljihu. Duk zauren da ya shiga sai a ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam Muntari, ai kai namu ne." Ya ɗauka alkawari ne. Ni ma haka na ɗauka.

Zaɓen ƙato-bayan-ƙato aka yi: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, kowa na ganin kowa. Muntari da ke gaba bai san abin da ke bayansa ba sai da aka gama ƙirga ya waiwaya. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar na ranar ba. Wadda ke kan gaba a cikin matan layin Alhaji Bello kuwa Iya ce, ƙanwar mahaifiyar Muntari, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwar.

Muntari ya kulle kayan gyaransa a akwati. Famfo ya lalace, kwana shida yana tsaye, mata suka koma rafi. Ni kuma na shiga bin diddigi. Mazan majalisa kowa na tambaya sai ya hau sosa ƙeya. Bara'atu mai ƙosai ce ta tausaya min.

"Malam, je ka wajen Iya. A tsakar gidanta aka ƙulla."

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Iya, me Muntari ya yi muku?"

"Alheri," in ji ta. "Shi ya sa. Kai bokon naka bai koya maka komai ba? Duk wanda muka tura, wata uku sai ya kama gida a cikin Rano, ya sa farar shadda, ganinsa sai ɗaurin aure. Bello in ya tafi, me muka rasa? Taki ko a kasuwa akwai. Muntari in ya tafi, wa zai zaro rodi?"

Na kai masa maganar a rumfarsa. Ya daɗe yana juya wani tsohon tib a hannu, sannan ya ce, "Wato da ban iya komai ba, da na ci." Ya yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

Kwana uku bayan haka ya fito da akwatin, sai dai bai taɓa sifana ba. Ya kirawo Bara'atu da Shamsuddeen tela, ya tsaya a kansu hannu a baya yana ba da umarni. Aikin da yake gamawa cikin awa biyu sai da ya kai su la'asar, har Shamsuddeen ya fasa yatsa. Amma ruwa ya zo. Iya na gefe da bokitinta tun farko.

Muntari ya ce, "Iya, yanzu mu uku ne muka iya. Saura wace hujja?"

Ta cika bokitin tukuna.

"Babu. Dama famfon shi ne hujjar da zan iya faɗa a gaban mutane. Shekara arba'in kullum da safe sai na ji sallamarka a ƙofata, ɗan nan. Wannan wa ka koya wa?"

Muntari ya sunkuya ya ɗauki bokitin, ya bi bayanta har gida.

Ya gaya min zai sake tsayawa, kuma in ya ci, daga nan zai riƙa zuwa Rano a babur. Na kai wa Iya wannan albishir. Ko ɗago kai ba ta yi daga gyaɗarta ba, ta ce duk haka suke cewa.